Robar wankin ƙoda ta ciki: shekara nawa take yi kafin a cire ta?

Wani bawan Allah daga Tudun Wadan Zariya ya aiko da tambaya a kan mahaifinsa. Dattijon ya daɗe da ciwon suga, ƙoda ta gaza, ana yi masa wankin jini da inji sau biyu a mako. An yi masa aikin haɗa jijiya a hannu har sau biyu bai kama ba, robar wuya kuma an yi ta canjawa har jijiyoyin sun fara toshewa. Yanzu likitoci sun kawo shawarar a koma wankin ƙoda ta ciki, wanda ake sa roba a ciki, ana zuba ruwa ana fitarwa a gida. Abin da yake son sani shi ne: wannan roba shekara nawa take yi? Canja ta ake yi lokaci-lokaci kamar robar fitsari? Ba za ta ruɓe a cikin mutum ba?

Malam, Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, kai kuma ya saka maka da alheri a kan wannan hidima. Ka fara cire robar fitsari daga ranka, don ba hanyarsu ɗaya ba. Robar fitsari da robar wuya ta wucin gadi baƙi ne a jiki, kwanakinsu ƙidayayyu ne. Ita wannan an yi ta ne don ta zauna, naman jiki ya kama ta, ta zama kamar wani sashe na mutum. Ba ta da ranar canji. Muddin ruwa yana shiga yana fita, kuma babu ciwon da ya maƙale mata, ba mai taɓa ta. Mutane da yawa suna shekara 3, 4, 5 da roba ɗaya, akwai kuma waɗanda suka haura shekara 10. A aikina na ƙoda, da wuya ka ga robar da tsufa ya kashe. Abin da ke kashe ta abu uku ne: ƙwayoyin cuta, toshewa, da ja ko yanka. Dukkan ukun kuwa akwai hannun mutum a ciki, ko na likitan da ya sa ta, ko na mutanen gida.

Kafin mu shiga su, gara ka san abin da robar take yi. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen fiɗar ragon layya ya ga wani siririn tantani mai sheƙi da ya shimfiɗe a bangon ciki, ya lulluɓe hanji. Mutum ma yana da shi, cike da ƙananan jijiyoyin jini. Idan aka zuba ruwa na musamman mai suga a cikin, dattin da ƙoda ta kasa fitarwa sai ya riƙa tsallakowa daga jini zuwa ruwan, sugan kuma ya jawo ruwan da ya yi wa jiki yawa. Bayan awa 4 zuwa 6 a zubar, a sa sabo. Babban mutum yakan ɗauki lita 2 a kowane zubi, sau 4 a yini. Fitar ruwan yakan ci kamar minti 20, shigarsa kamar minti 10. Robar ita ce ƙofar da duk wannan ke bi.

Da silikon ake yin ta, mai laushi, kaurinta kamar milimita 5, ramin cikinta bai kai milimita 3 ba. Ƙarshenta na ciki yana da ƙananan huji da yawa, yana kwance can ƙasan mara inda ruwa ke taruwa. A jikinta akwai zobba biyu na wani zare mai kama da auduga da ake kira Dacron. Ɗaya ana dasa shi cikin tsokar bangon ciki, ɗayan a ƙarƙashin fata, kamar santimita 2 zuwa 4 kafin inda robar ta leƙo waje. A cikin 'yan makonni nama yana tsirowa ya shiga cikin zaren, ya riƙe robar, ya kuma toshe wa ƙwayoyin cuta hanya. Akwai wani farin layi a tsawonta wanda ke fitowa a hoton ciki, da shi muke gane inda ƙarshenta ya kwanta. Wani likita mai suna Henry Tenckhoff ne ya fito da wannan tsari a birnin Siyatil na Amurka a 1968, shi ya sa har yau ake kiran ta da sunansa. Kafin nan galibi sai an huda cikin marar lafiya da roba mai tauri duk lokacin da za a yi wanki, a zare in an gama. Da robar ta samu zama, sai a 1976 wasu masana biyu, Popovich da Moncrief, a jihar Tekzas ta Amurka suka kawo tsarin da mutum zai zuba ruwa ya ci gaba da harkokinsa, wanda shi ne ake so Baba ya hau. Silikon ba ya ruɓewa a cikin jiki, ruwan ciki ba ya cin sa. Wannan tsoron ka ajiye shi.

Kada kuma ka haɗa ta da abin da wataƙila ka taɓa gani a ɗakin yara. A asibitocin koyarwa na ƙasar nan, idan ƙodar yaro ta tsaya farat ɗaya bayan zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ko gudawa, akan yi masa wanki ta ciki da roba mai tauri, wani lokaci ma da tiyon da ake ba da abinci ta hanci in ba a samu ta ainihi ba. An ceci rayuka da yawa da haka. Amma mai taurin ba a so ta wuce kamar kwana 3 a ciki. Idan wani ya ce maka robar ciki ba ta daɗewa, mai yiwuwa wannan ya gani.

Ƙungiyar likitocin wankin ƙoda ta ciki ta duniya ta sa ma'aunin da ake gwada kowace cibiya da shi. A jagoranta na 2019 ta ce cikin robobi 100 da aka sa, sama da 80 su kasance suna aiki bayan wata 12, idan kuma da aikin kyamara na ƙwararru aka sa, wato tiyatar da ake leƙa ciki da ƙaramar kyamara, sama da 95. Dalilin da ya sa ake ƙidaya shekarar farko shi ne yawancin matsalar toshewa da karkacewa a watannin farko suke fitowa. Robar da ta tsallake wannan lokaci lafiya, abin da ya rage mata shi ne tsaron ciwo.

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Rabin rayuwar wannan roba ana yanke shi ne kafin a shiga ɗakin tiyata, kuma nan ne na fi son ka buɗe ido. Dole a yi wa Baba alamar inda robar za ta fito tun yana farke, yana zaune, yana tsaye, da wandon da ya saba sawa. Mutanenmu ba bel suka fi ɗaurawa ba, tazuge ne, mata kuma ɗaurin zani, kowa da inda nasa ke zama. Wani a ƙasan cibiya, wani mai tumbi a sama. Idan bakin robar ya faɗo daidai layin tazuge, kullum sai an goge shi, an matse shi, kuma ciwon da ake gogewa kullum ba ya warkewa. Haka in ya faɗa cikin ninkin fata inda gumi ke kwanciya, ko can ƙasan tumbi inda mai shi ba ya iya gani. Mutum a kwance a kan gadon tiyata cikinsa a shimfiɗe yake, duk waɗannan ninkin ba sa fitowa. Ka ce a sa shi ya yi ruku'u ma a gani. Bakin ramin ya kalli ƙasa ko gefe, kada ya kalli sama ya zama kwarya mai tara ruwan wanka da gumi. Kuma ba a ɗinke bakin ramin da zare, don ɗinkin kansa yakan zama mafarin ciwo.

A duba shi da kyau ko yana da ƙaba, ta cibiya ko ta matsematsi. Lita 2 na ruwa nauyi ne a kan bangon ciki, ƙaramar ƙabar da ba ta dame shi ba za ta girma. Gara a gyara ta lokaci ɗaya da sa robar. A wanke masa ciki kafin aikin, ya yi fitsari mafitsara ta zama ba komai, a yi masa allurar kashe ƙwayoyin cuta kafin a tsaga fata. Batun siffar roba, miƙaƙƙiya ko mai nannaɗen ƙarshe ko mai lanƙwasa kamar wuyan agwagwa, kada ya ɗauke maka hankali. Bambancinsu bai kai bambancin hannun da ya sa ba. Ni dai a zaɓi mai zobba biyu, kuma a tambayi likitan kai tsaye guda nawa ya sa, nawa ke aiki. Wannan ba rashin kunya ba ne, likitan kirki zai amsa maka.

Bayan an sa, in hali ya yi, a ba ta mako 2 kafin a fara zuba ruwa sosai. Wannan lokacin ne nama ke kama zobban. Bandejin farko ba a buɗe shi sai kamar mako guda, sai dai in ya jiƙe da jini, kuma ma'aikacin lafiya ne zai buɗe. Ba a sa wa wurin ruwa har sai ya warke. Na san tambayar da ke biyo baya ita ce ta wankan tsarki da sallah. Malamanmu sun yi bayanin shafa a kan ɗaurin ciwo da kuma taimama, a je musu da maganar likita a hannu. Sallah a zaune a makonnin farko ta fi masa. Babu jan guga, babu ɗaukar buhu ko jarka, babu nishi a bayan gida. Idan dole ta sa aka fara wanki kafin mako 2, sai a yi da ruwa kaɗan yana kwance, don in aka cika ciki da wuri ruwa zai riƙa tsattsafowa ta gefen robar, wurin da ke jiƙe kuwa nama ba ya kama shi.

To, mu zo ga babban makashin. Ka yi lissafi: zubi 4 a yini, kwana 365, ya kama sau 1,460 a shekara ana buɗe ƙofar da ta shiga cikin mutum kai tsaye. Sau ɗaya da yatsa ya taɓa bakin tiyo ya isa ya shigar da cuta. Ciwon yakan zo ta fuska biyu. Akwai na bakin rami, inda za ka ga mugunya tana fitowa a gefen robar, wani lokaci da ja da kumburi da ke bin hanyarta a ƙarƙashin fata. Akwai kuma na cikin kansa, wanda tantanin ke kumbura: ciwon ciki, wani lokaci zazzaɓi da amai, amma alamar farko kusan kullum a jakar ruwa take. Ruwan da ya fito daga lafiyayyen ciki garau yake, ɗan rawaya-rawaya, in ka ɗora jakar a kan jarida za ka karanta rubutun ta cikinta. Ranar da ya fito kamar ruwan da aka wanke shinkafa, rubutu ya ɓace, ranar za a tafi asibiti da jakar a hannu, ko da Baba ya ce shi ba ya jin komai. Ba a jira gari ya waye a ga abin da hali zai yi, ba a biyawa kemis a sayo kafso. A asibiti za a ƙirga fararen ƙwayoyin jini a ruwan, a shuka shi a gano irin ƙwayar, a fara magani nan take, yawanci a cikin jakar ruwan ake zuba shi, mako 2 zuwa 3.

Dalilin gaggawar shi ne ƙwayoyin cuta in suka samu kwanaki sukan yi wa robar abin da gansakuka ke yi wa randa. Suna manne wa a jikinta, su lulluɓe kansu da wani yauƙi da magani ba ya ratsawa. Sai a ga ruwa ya washe, an gama magani, bayan mako 2 ko 3 ciwon ya dawo da ƙwaya iri ɗaya. A nan ba sauran dabara sai cire roba. Ƙwayoyi biyu ne suka fi wannan naci: Staphylococcus aureus, wadda ke zama a hanci da fatar mutane lafiyayyu, da Pseudomonas, wadda ke son danshi da ruwan da ya kwana. Ƙungiyar da na ambata ta ce a 2022 bai kamata ciwon tantani ya wuce sau 0.4 ga kowane marar lafiya a shekara ba, wato kamar sau ɗaya a shekara biyu da rabi. Gidan da ya riƙe tsafta yakan yi abin da ya fi haka nesa.

Yanayin Zariya yana da nasa ƙalubalen, kuma littattafan da aka rubuta a Turai ba su san shi ba. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ka share ɗaki da safe, kafin azahar ƙura ta sake kwanciya a kan tebur. Fata tana bushewa ta tsage, sai bango ya tsage kuwa ƙadangare ke samun wurin shiga. Da bazara, Maris da Afrilu, gumi ke jiƙa bandeji, filasta ta ƙi kamawa, ƙurajen zafi su fito a kewayen robar, mutum ya yi ta susa. Saboda haka a ware ɗaki guda ko lungu guda don zubi. Lokacin haɗawa a rufe taga da ƙofa, a kashe fanka, duk wanda ke ɗakin ya sa takunkumi, jikoki su jira a tsakar gida. Kyanwa kada ta shiga ɗakin ko kusa, don tana son wasa da tiyo, haƙorinta yana huda shi, kuma bakinta yana ɗauke da ƙwayar da ke haddasa ciwon tantani. Kaji da tumaki ma haka, wanda ya taɓa su ya sake wanke hannu. Ruwan rijiya ko na 'yan ga-ruwa ya yi wa wanke hannu da sabulu, amma sai an busar da hannun sarai da tawul mai tsabta, a bi da man tsaftace hannu mai sifirit, a bari ya bushe. Jiƙaƙƙen hannu ya fi busasshe ɗaukar cuta. Shi kuwa bakin ramin, da ruwan gishiri na asibiti ko ruwan da aka tafasa ya huce za a goge shi, a busar, a shafa ɗan man kashe ƙwayoyin cuta da likita ya rubuta, mufirosin ko jentamaisin, kowace rana. Wanka da bokiti ba laifi bayan wurin ya warke, a dai zuba ruwan daga sama ya gangara, a tsane wurin nan da nan. Shiga rafi ko kududdufi babu shi.

Abin da ba a shafawa ya fi abin da ake shafawa yawa. Ba man kaɗe, ba basilin, ba hoda, ba man zafi, ba garin magani na gargajiya, komai ƙaunar wanda ya kawo shi. In ɓawo ya fito a bakin ramin, a jiƙa shi ya faɗi da kansa, ba a ɓantare shi da farce. Akwai kuma wasu robobi da ake yi da foliyuretan maimakon silikon. Irin waɗannan sifirit da man mufirosin suna sa su tsage. Ka tambaya tun farko da me aka yi ta Baba.

Tun da Baba yana da suga, ina zaton idonsa da yatsunsa ba kamar da suke ba. To a zaɓi mutum biyu a gidan, ba ɗaya ba, su koyi aikin a hannun ma'aikaciyar jinya har sai ta gamsu. Abin da na lura da shi shi ne watannin farko kowa yana bin ƙa'ida saboda tsoro. Bayan shekara guda hannu ya saba, sai a fara barin takunkumi, a riƙa amsa waya ana tsakiyar haɗawa. Lokacin ne ciwo ke shigowa. Shi ya sa ake so a riƙa sake koyarwa, musamman bayan kowane ciwo ko doguwar kwanciya a asibiti.

Makashi na biyu shi ne toshewa, kuma mafi yawan lokuta ba a robar laifin yake ba, a hanji yake. Na taɓa karɓar wani dattijo da 'ya'yansa suka kawo da dare hankali a tashe, ruwa ya shiga lafiya amma ya ƙi fita, sun riga sun fara lissafin kuɗin sabuwar tiyata. Na tambaye shi yaushe rabonsa da bayan gida, ya sunkuyar da kai, da ƙyar ya ce kwana huɗu. Hoton ciki ya nuna hanji cike, ya ture ƙarshen robar daga mara zuwa sama. Aka ba shi maganin sassauta ciki, washegari ya zagaya sau biyu, ruwa ya zubo kamar an buɗe famfo. Dattawanmu suna jin nauyin wannan magana, ba za su faɗa wa ɗa ko suruka ba sai an tambaya. Ga shi magungunan masu ciwon ƙoda, ƙwayar ƙarin jini da wadda ake sha da abinci don rage sinadarin fosfet a jini, duk suna busar da ciki. Saboda haka bayan gida mai laushi kowace rana yana cikin maganin Baba. Miyar kuɓewa da ganye gwargwadon abin da likita ya yarda bayan ya duba fotasiyam na jininsa, ɗan tattaki safe da yamma, da maganin da aka rubuta masa kamar laktulos. Kada a saya masa gishirin wankin ciki na kemis, don da yawansu suna da magniziyam ko fosfet da ƙodar da ta gaza ba ta iya fitarwa. Jiƙon filasko da sauran sassaƙe ma a bar su. Bushewar ciki ba toshewa kaɗai take kawowa ba, tana ba ƙwayoyin hanji damar tsallakowa cikin ruwan.

Wani lokaci za ka ga farin zare-zare yana yawo a jaka kamar farin ƙwai da ya shiga ruwan zafi. Yakan toshe hujin robar, ana maganinsa da ɗan hefarin, maganin hana daskarewar jini, a cikin ruwan. Wani lokaci kuma kitsen nan mai kama da raga da ke rufe hanji shi ke naɗe robar. Wannan sai aikin kyamara, a warware shi a ɗaure shi sama, robar ta ci gaba da aikinta. Duk waɗannan gyara ake yi, ba su cika kai wa ga cirewa ba.

Na uku shi ne ja da yanka. Robar da aka bari tana lilo, tana maƙalewa a tazuge, ana fizgar ta wajen cire riga ko hawa acaɓa, kullum tana yaga naman da ya kama zoben waje. A hankali zoben zai leƙo ta bakin ramin, ya zama soso mai tara datti. Ana iya kankare shi, ana iya canja wa robar mafita, amma hana faruwarsa filasta ɗaya ce: a manne robar a fata ɗan nesa da bakin ramin, yadda ta kwanta da kanta ba tare da an lanƙwasa ta ba, sauran a sa a ɗamarar yadi mai aljihu. Kowane tela a Tudun Wada zai ɗinka maka guda uku da farin yadin auduga, ana wankewa ana gogewa ana canjawa. Almakashi, reza da fil kada su kusanci cikin Baba. Na ga robar da ta shekara uku lafiya, aka datse ta da almakashi wajen yanke filastar da ta manne. Da hannu ake ɓare filasta.

A ƙarshen robar akwai ƙaramin mahaɗi, sau da yawa na ƙarfen taitaniyam, sannan guntun tiyo mai makulli wanda shi ake haɗawa da jaka. Wannan guntun shi ne ake canjawa, duk wata 6, a asibiti. Idan robar ta daɗe sosai, inda takan fara gajiya shi ne daidai bakin mahaɗin, saboda yawan lanƙwasawa. In aka ga tsaga ko ɗigo, ko mahaɗin ya fice, a matse robar tsakanin tsagar da jikin Baba, a naɗe da bandeji mai tsabta, a daina zubi, a tafi asibiti. Muddin akwai ragowar kamar santimita 2 a waje, ana yanke wurin a sa sabon mahaɗi, a ba shi maganin rigakafin ciwo. A nemi ɗan mamatsin roba guda biyu tun ranar sallama, ɗaya a ɗakin zubi, ɗaya a aljihunsa in zai fita.

Akwai lokutan da ni da kaina zan ce a cire, kuma ina roƙon ka kada ka ja da likitan da ya faɗa. Idan an yi kwana 5 ana magani daidai ruwa bai washe ba. Idan ciwon ya dawo da ƙwaya ɗaya cikin mako 4 da gama magani. Idan shuka ta nuna fangas, ƙwayar cuta dangin funfuna, wannan ba jira ko kaɗan. Idan mugunyar bakin rami ta ƙi jin magani ta gangara zuwa zoben ciki. A yankinmu kuma, ruwan da ya ƙi washewa kuma shuka ba ta nuna komai ba, dole a nemi tarin fuka na ciki. Iyalai sukan so a ƙara kwana biyu ko za a ceci robar, saboda kuɗin da ta ci da tsoron komawa inji. Na fahimci wannan sarai. Amma roba ana samun wata, tantanin Baba guda ɗaya ne, kuma kowace ranar da ya kwana cikin ciwo tabo yake yi, hanji yana mannewa. In an cire, akan koma inji na ɗan lokaci, a jira aƙalla mako 2, a sa sabuwa. A wasu yanayin, in ruwa ya riga ya washe, ana cire tsohuwa a sa sabuwa a zama ɗaya ta ɗaya gefen.

Shi tantanin ma yana tsufa, sau da yawa kafin robar. Shekaru ana jiƙa shi da ruwan suga, sai ya yi kauri, ya rage jan ruwa, ƙafa ta fara kumbura alhali robar tana aiki lafiya. Yawan amfani da jaka mai suga da yawa yana gaggauta hakan, abin da ke tilasta amfani da ita kuwa shi ne gishiri da dunƙulen miya da ke sa jiki tara ruwa. Rage gishirin Baba yana ƙara wa tantaninsa shekaru. Sugan da ke cikin ruwan yana shiga jini, don haka za a sake duba maganin sugansa da zarar an fara. Ɗan fitsarin da ya rage masa ma a lallaɓa shi, a nisanta shi da magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da daikulofenak.

Magana ta ƙarshe ita ce wadda ta fi damuna, kuma ina so ku zauna a kanta kafin a tsaga cikin Baba. A Najeriya wankin jini da inji ne ya kafu, tun da aka fara shi a asibitin koyarwa na Legas a 1981. Wankin ciki na dogon lokaci bai yaɗu ba, babban dalili kuwa shi ne ruwan, wanda yawanci daga waje ake shigo da shi. Wuraren da aka kafa tsarin, irin su Hon Kon da ta fifita shi a kan inji tun shekarun 1980, da Sudan da ta kafa shirinta na ƙasa a 2005, hukuma ce ta tsaya wa samar da ruwan. Baba zai buƙaci jaka 4 a yini, kusan 120 a wata, lita 240, da sabon murfi a kowane zubi. Robar da aka sa aka rasa ruwa ba ta da amfani, kuma abin da rashin ruwa ke jawowa ya fi muni: rage zubi, raba jaka ɗaya gida biyu, sake amfani da murfi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ka zauna da likitocin ƙodar da ke duba shi, a asibitin koyarwa na Shika ne ko Kano ko ina, su faɗa maka daga ina ruwan zai riƙa zuwa, nawa ne a wata, wa za a kira da tsakar dare in ruwa ya gurɓace, kuma wane ɗakin gwaji ne zai shuka shi. A tanadi na aƙalla wata guda a gida kafin a fara, a ajiye kwalayen a kan katako, a ɗakin da rana ba ta dukansa. Da hunturu in jaka ta yi sanyi, ba a tsoma ta a ruwan zafi. A bar ta cikin ledarta ta waje, a jingina ta da gorar ruwan ɗumi da aka naɗe da tawul, a taɓa da bayan hannu kafin a haɗa.